Ba Komai, Baba

Asabar, da hantsi

Malama ta ce kowa a ajinmu na yamma ya riƙa rubuta abin da ya same shi a yini, ko da layi ɗaya ne, don hannu ya saba. Ni layi ɗaya ba zai ishe ni ba, domin na yi jika.

Namiji ne. Auta ce ta haifa min shi. Mijinta aikin gyaran layin wutar lantarki yake yi, yau yana nan gobe an tura shi wani gari, shi ya sa ya kawo su gidanmu su zauna har ta yi ƙarfi. To yanzu abokina yana ɗakin da ke kallon nawa. Abokina nake ce masa. Tsohuwata kuwa, uwar Auta, ta ce ita ta yi sabon miji, ni in nemi inda zan nufa. Na ce miji ba haƙori ko ɗaya, za mu ga yadda zai riƙe ki. Ta ce, "Ai kai ma saura kaɗan ku zama ɗaya."

Kunnuwansa irin nawa ne. Kowa ya ce ba haka ba ne, amma ni kafinta ne, na tsufa ina awo da ido.

Lahadi, bayan la'asar

Ya kama ɗan yatsana, wanda zarto ya taɓa ci, bai saki ba sai da barci ya ɗauke shi. Na leƙa na tambayi Auta yaya take ji. Ta ce, "Ba komai, Baba." Alhamdu lillahi.

Laraba, da safe

Jiya ba a yi karatu ba. Ma'aikatan asibitin unguwa suka zo da farin ƙyalle da na'ura, aka haɗa ajin maza da na mata a babban ɗakin taro na makaranta, aka ce kowa ya zo da iyalinsa a kalli fim. Na tafi da tsohuwata. Auta ta ce ta gaji.

Labarin wani magidanci ne, ma'aikacin ofis, da matarsa da 'ya'yansa biyu. Ba wanda ya mutu masa, ba a kore shi daga aiki ba. Haka kawai ya daina. Ya daina aski, ya daina cin abinci da yaransa, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Yayansa ya zo ya yi masa faɗa, ya lissafa masa duk abin da Allah ya ba shi. Matarsa ta ɗauka wata ce a waje, ta yi ta bincika wayarsa. Duk wanda ya tambaye shi me yake ji, sai ya ce ba komai. Da ya yi ta maimaitawa, mutanen ɗakin suka fara riga shi faɗa, ana dariya. Ni ma na yi.

Mahauci, wanda muke benci ɗaya da shi, ya ce, "Wannan ai ƙoshi ne. A ba ni shi sati ɗaya a mahauta, ya tashi da asuba ya saɓa cinyar saniya, mu ga inda ciwon zai kwana."

Tela ya ce a'a, hannu aka sa masa, kowa ya dubi idon yayan nan ya san ba Allah a ransa. Wata mata daga baya ta ce, "Don Allah ku bar mu mu ji, ba ku aka zo kallo ba." Masinja, dattijon nan da ba ya magana a aji sai an kira sunansa, ya tashi a tsakiyar fim ya fita, har ya bar hularsa a kan benci. Na ɗauka zan ajiye masa.

Ni ra'ayina fim ɗin ya cika nawa. Mutum kwance, mutum zaune, sai ƙarar agogo. Amma ƙofar ɗakin nasa aikin gwani ce.

Bayan an gama wata nas ta tashi ta yi bayani. Ta ce sunan abin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ban ji sauran ba, domin ina nuna wa Tela hoton abokina a waya. A hanya tsohuwata ba ta ce uffan ba. Na ce ko kewar sabon mijin ce.

Alhamis, da rana

Na gama fentin tagogin gidan lauya. Abokina ya yi atishawa sau biyu, duk gidan muka taru a kansa.

Auta ba ta fito ba. Barci take yi, ko kuwa tana kwance.

Juma'a, da yamma

Tsohuwata ce ke yi masa wanka, ita ke goya shi, ita ke kai shi ya sha ta dawo da shi. Na ce kin ƙwace wa yarinya ɗa. Ta ce, "Malam, wai kai idonka a kan katako kawai yake aiki?" Ban gane abin da take nufi ba, kuma ta fita da bokiti kafin in tambaya.

Abincin da aka kai wa Auta da rana ya dawo yadda aka kai shi. Na ci, don kada ya lalace.

Asabar, da hantsi

Mahauci ya biyo ta shago. Har yanzu maganar fim ɗin yake yi. Ya ce matarsa ta fusata da shi, wai ya ba ta kunya a gaban mutane da dariyarsa. Ya ce, "To ni me na yi? Mutum da lafiyarsa, da albashinsa, da fanka a ɗaki." Na ce ai ka ji nas ta ce ciwo ne. Ya ce, "Ciwon da ba ya kumbura, ba ya zafi, ba ya jini? Kafinta, in na yanka shi ina zan ga abin?"

Na yi dariya, amma ba kamar ta ranar ba.

Abokina ya fara bin haske da ido.

Litinin, da azahar

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya da safe ba. Malama ta ce abin da ya same ka, ba ta ce duka ba.

An sami Auta. Tana gida. Maƙwabciyarmu mai sayar da kayan miya ce ta gan ta a wajen gada, ta riƙo hannunta suka taho tare kamar daga kasuwa suke. Allah ya saka wa matar nan, ba ta gaya wa kowa ba.

Takalminta ɗaya ne ya ɓata. Zan sayo wani.

Litinin, bayan la'asar

Na kwashe maganin gara da sauran kwalaben aikina daga bayan gida na kai shago na kulle. Dama can ba wurinsu ba ne.

Talata, da safe

Abokina lafiya. Ya sha, ya yi gyatsa, ya yi barci.

Na tambaye ta. Ta ce, "Ba komai, Baba."

Laraba, da yamma

Ban je aji ba. Na gaya wa Tela ya ce wa Malama baya ke damuna. Bayan yana damuna kuwa, ba ƙarya na yi ba.

Na zauna a shago ina goge ƙafar wani tebur da ba ya bukatar guga. Ƙurar katako tana sauka a kan gwiwata. Na yi ta tuna wurin nan a fim inda ƙaramar 'yar mutumin ta kawo masa zanen da ta yi a makaranta, ya karɓa ya riƙe shi a juye, ya ce ya yi kyau. A nan ne Mahauci ya ce kai wannan uba ne kuwa. Ni ma a raina haka na ce.

Juma'a, da azahar

Uwar mijin Auta ta zo ganin jikanta. Mace ce mai kirki, ba zan rubuta akasin haka ba. Ta zo da kaya niƙi-niƙi, ta zauna a ɗakin Auta har rana ta take. Ina tsakar gida ina gyara ƙafar kujera, ina jin su.

Yaron ya fara kuka. Tsohuwata tana kicin. Ya yi ta kuka. Na ji uwar mijin ta ce, "Ke, ba ki ji ba ne?" Shiru. Ta sake cewa, "Ɗanki ne fa." Shiru. Sai ita ta ɗauke shi.

Da za ta tafi ta tsaya a gabana, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Malam, ba raini ba ne. Amma na haifi bakwai, ban taɓa ganin uwar da ɗanta zai yi kuka a gefenta tana kallon bango ba. In ba ta son shi, mu muna so. Idan ubansa ya dawo ranar Lahadi zan zo in tafi da shi, in raine shi a wurina. Ita kuma ta huta, tunda hutu take nema."

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, jiki ne bai dawo ba."

Ta ce, "Na tambaye ta ko wani wuri ke mata ciwo. Da bakinta ta ce ba komai."

Na raka ta bakin titi.

Juma'a, bayan magariba

Tsohuwata ta ce in aka raba yarinyar nan da ɗanta yanzu, a ce mata ba ta iya uwa ba, to mu shirya komawa gada. Wannan ne karo na farko da wani ya ambaci wurin a cikin gidan nan.

Ta ce, "Ba ka ji abin da nas ta ce a kan masu jego ba?"

Na ce ban ji ba.

Ta ce, "Na sani. Kana nuna hoto."

Ta ce tun daren fim ɗin take son ta kai ta asibiti, amma Auta ta ƙi, wai me za ta ce wa likita, ba inda ke mata ciwo.

Asabar, da hantsi

Na kai wa Masinja hularsa. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan gidan burodi, a share tas, da rediyo a kan taga. Ya ba ni kujera shi ya zauna bakin gado. Na ce ka gudu ka bar mu da fim, ko kai ma ya gundure ka.

Ya ce, "Dariyar ce ta kore ni."

Ya jawo wata 'yar leda daga ƙarƙashin matashi ya nuna min ƙwayoyi. Ya ce shekarun baya shi ne mutumin nan na fim, har juya wa ƙofa baya. Ya ce yanzu duk wata yana zuwa asibitin unguwa, ɗakin ƙarshe kusa da famfo, akwai wata likita da ba ta gaggawa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

Ban gaya masa komai game da gidana ba. Na dai ce na san wani.

Ya ce, "Kafinta, da mutumin nan yake cewa ba komai, kai me ka ji ya ce?"

Na ce ai lafiya lau ke nan, kada a damu.

Ya ce, "To. Je ka sake tambayar wanin naka. Amma in ya amsa, kada ka ce madalla ka tashi."

Asabar, bayan la'asar

Na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa, abin da ban yi ba tun tana 'yar firamare. Labule a sake, ɗakin yana warin hoda da madara. Abokina yana barci a gefe. Ita tana kwance, gashinta ba gyara.

Na ce, "Auta, me kike ji?"

Ta ce, "Ba komai, Baba."

Gwiwata ta motsa za ta tashi, don ta saba. Na hana ta. Na zauna. Ana ta sayar da ruwa a waje, mai kura ya wuce ya dawo.

Can ta ce, ba ta juyo ba, "Na gaya maka. Na gaya wa Inna. Na gaya wa kowa. Ba komai. In na ɗauke shi ba na jin komai. In ya yi kuka ba na jin komai. Ina kallonku kuna ta murna kamar ta cikin gilashi. Na duba cikina, Baba, ba kowa a ciki."

Sau nawa a shago mutum zai nuna akwati ya ce me ke ciki, in buɗe in ce ba komai. Kalmar ke nan, ita ce dai. Tun ranar farko yarinyar nan gaskiya take gaya min, ni kuma ina cewa alhamdu lillahi ina fita.

Ta ce, "Gara su tafi da shi. Wace irin uwa ce ni?"

Na ce, "Irin wadda ba ta da lafiya. Litinin zan kai ki wurin wata likita."

Ta ce, "In ce mata me?"

Na ce, "Abin da kika gaya min. Ita ta san yadda ake jin sa."

Ba ta ce to ba. Ba ta kuma ce a'a ba.

Lahadi, da yamma

Surukina ya dawo, ya zo tare da mahaifiyarsa. Ta zo da zanen goyo sabo a cikin jaka, na ga bakinsa. Muka zauna a falo. Surukin nawa ya rame, idonsa ja, ga alama ya sha magana a hanya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ni ban san laifin da na yi mata ba. In na kira ba ta ɗauka. In ta ɗauka, ba komai. Ko auren ne ba ta so, ku gaya min."

Ni ba gwanin bayani ba ne. Na fara, na ga ina ta zagaye. Sai na tuna Malama ta ce za a sake nuna fim ɗin ranar Talata a ɗakin taro na 'yan kasuwa. Na ce abu ɗaya nake roƙo, a bar yaron zuwa Laraba, kai kuma ka zo mu je kallo.

Hajiya ta ce, "Malam, ana maganar jariri kana maganar fim?"

Na ce, "Har ke, Hajiya, in za ki daure."

Ta ce ita ta wuce shekarun kallo. Amma ba ta fito da zanen ba. Ta ce to, sai Laraba ɗin.

Litinin, da azahar

Mun je asibiti, ni da Auta da tsohuwata. Ɗakin ƙarshe kusa da famfo. Sun daɗe a ciki. Ni ina benci a waje da abokina, ya yi min fitsari a riga, wata mata ta ce ai alamar ƙauna ce.

An ba ta magani. An ce zai ɗauki lokaci, kuma kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a cika ta da surutu. Likitar ta ce tana son ganin mijin.

Laraba, da safe

Jiya mun je kallon fim ɗin, ni da surukina. Mutanen wannan karon sun fi namu hayaniya, 'yan kasuwa ne. Aka yi dariya a inda muka yi dariya. Wani mai sayar da taya ya ce a watsa masa ruwan sanyi. Mahauci ma ya sake zuwa, wai matarsa ce ta jawo shi. Da aka fara riga mutumin faɗar kalmar nan, na ga ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Ban san me ya gani a fuskata ba.

Surukina bai motsa ba tun daga farko har ƙarshe. Da nas ta tashi yin bayani, wayata tana aljihu, na ji duka. Ta ce yana kama maza, yana kama mata, yana yawan kama mace bayan haihuwa, kuma ba rashin so ba ne, ba rashin godiya ba ne.

A hanya muna tafe a gefen titi, babura suna wuce mu. Sai da muka kusa gida ya ce, "Baba, a cikin fim ɗin nan ni wane ne? Matar ko yayan?"

Na ce, "Ni dai na san ni ne mai dariya a benci."

Ya ce, "Na duba wayarta, Baba. Ranar Lahadi, tana barci."

Na ce to, yanzu sai ka je ka ga likita, tana nemanka.

Laraba, bayan la'asar

Hajiya ta zo kamar yadda ta ce. Ɗanta ya tare ta a ƙofar gida, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ban saurara ba, na dai rage bugun guduma. Na ji ta ce, "A zamaninmu ba mu san wannan ba." Na ji ya ce, "Ko kun sani ba ku da sunansa, Mama."

Ta shigo ta ce ita har yanzu ba ta gamsu ba, amma ɗa nasa ne, ya ce a bar shi wurin uwarsa. Ta ce za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis ta karɓi tsohuwata, don ta ga matar nan ta kusa faɗuwa. Ta ajiye zanen goyon a kan kujera ta ce a yi amfani da shi a nan.

Abokina yana nan.

Asabar, da rana

Ba wani canji. Auta tana shan magani. Ta ci rabin abinci.

Talata, da yamma

Na koma aji. Malama ta ce rubutuna ya gyaru, ta tambaya ko zan karanta wa aji wani abu daga ciki. Na karanta na kunnuwa. Tela ya ce har yanzu bai yarda ba. Masinja ya matsa min a benci, na zauna kusa da shi.

Alhamis, da safe

Jiya ba daɗi. Auta ta yini tana kuka. Likitar ta ce kukan ma wani abu ne, a bar ta. Surukina ya nemi a bar shi aiki a cikin gari na ɗan lokaci, an yarda. Yana zuwa kullum bayan aiki ya zauna a ɗakin. Ba ya tambayarta komai, yana dai ninke kayan yaro, kuma bai iya ba.

Lahadi, da hantsi

Ta fito tsakar gida ta zauna a rana kaɗan. Ta koma.

Laraba, bayan la'asar

Na dawo daga shago da wuri, na tarar da abokina a kan tabarma a inuwa yana harba ƙafa, tsohuwata tana shanya, Auta tana zaune a bakin ƙofa da kofi a hannu. Ban tsaya ko'ina ba, na ajiye jakar aiki na nufe shi, ina cewa ina mutumina, ina mai ƙwace min mata.

Na sunkuya ke nan na ji murya a bayana.

"Baba. Dubi hannunka."

Na duba. Fenti ne da ƙurar katako har gwiwar hannu.

Ta ajiye kofin, ta taso, ta riga ni ɗaukarsa. Ta ɗora shi a kafaɗa ta ja baya, tana harara ta kamar yadda uwarta ke yi.

"Je ka wanke da sabulu tukuna. Haka kawai za ka sa min ɗa tari."

Tsohuwata ta tsaya da rigar yaro a hannu, ba ta juyo ba. Ni kuwa na tafi bakin famfo. Na wanke, na sake wankewa, na daɗe a wurin fiye da yadda fentin yake bukata.